Yadda Ake Yini Guda a Birnin Benis: Yawo a Ƙafa da Sayen Tsaraba Cikin Natsuwa

Benis, wanda masu garin ke rubutawa Venezia, yana arewa maso gabashin Italiya, an gina shi a kan ƙananan tsibirai sama da 100, an haɗa su da gadoji sama da 400. Mota ba ta shiga, babur ba ya shiga, keke ma an hana. Ko ƙafarka ko jirgin ruwa. Yawancin baƙi sai wajen ƙarfe 11 suke sauka, su bi ayarin mutane har dandalin San Marco, su ɗauki hoto, su sayi tarkacen da aka ƙero daga wata ƙasa, su koma da kumburarriyar ƙafa suna cewa garin ba komai sai cunkoso da tsada. Ba ƙarya suka yi ba, amma hanyar da suka bi ce ta jawo musu. Na saba raka baƙi garin nan, da 'yan'uwa mazauna garuruwan Padova da Verona da ke kusa da waɗanda suka zo daga gida, kuma tsarin da na zauna a kai shi ne sammako, tafiya a hankali, kallo da safe, saye da yamma.

ABIN DA ZA KA TANADA

Takalmi ne kan gaba. Mai taushi, shimfiɗaɗɗe, wanda ƙafarka ta riga ta saba da shi. Kusan kowace gada matakala ce, a hau a sauka, kuma kafin yamma za ka haye gommai. Sabon takalmin da aka saya don kwalliya, kafin azahar ya tayar maka da bororo. 'Yar'uwa mai doguwar abaya ta zaɓi wadda ba ta jan ƙasa, domin matakalan bakin ruwa gansakuka ta rufe su, santsi gare su ainun.

Sai ƙaramar jaka mai zif wadda za ka rataya ta gaba, saboda 'yan sane suna aiki a tasha da cikin jirgi da kan gadar Rialto. Ka naɗe wata jakar yadi ka cusa ciki don tsaraba. Akwati mai taya kuwa ka bar shi a masauki. In ba ka da masauki, akwai wurin ajiyar kaya na kuɗi a tashar jirgin ƙasa da kuma Piazzale Roma, filin da motoci suke tsayawa a bakin gari.

Gorar ruwa. A dandali da dama akwai famfon ƙarfe yana zuba dare da rana, ruwan sha ne mai kyau kuma kyauta, sai fa wanda aka rubuta wa "non potabile", wato ba na sha ba.

Kuɗi kashi biyu. Katin banki yana aiki kusan ko'ina, amma ka gwada naka tun kafin ranar, don ba kowane katin gida ne ke amsawa a Turai ba. Ka riƙe tsabar Yuro 40 ko 50, da sulallan Yuro 1 da 2 a aljihu na daban, domin banɗakin gari da kwale-kwalen ƙetare da su ake biya. Fasfo ma ya kasance a jikinka, za ka ga amfaninsa wajen maido da haraji.

Waya cike da caji, da taswirar garin da ka sauke tun a masauki. Lungunan suna da matsi, gine-ginen dogaye, sau da yawa wayar takan nuna kana wancan ƙetaren ruwa alhali kana nan. In ka sami taswirar takarda a otal, karɓa. Ƙara ƙaramar sallaya mai naɗuwa, da lema ko rigar ruwa idan ba tsakiyar bazara ba ce.

Na ƙarshe, takardar shiga gari. Tun 2024 hukumar birnin ta fara karɓar kuɗi daga masu zuwa yini guda a wasu zaɓaɓɓun ranaku na cunkoso, tsakanin ƙarfe 8:30 na safe da 4 na yamma. Yuro 5 aka fara da shi, a 2025 aka mai da shi Yuro 10 ga wanda ya bari sai dab da ranar. A intanet ake biya, a turo maka lamba a waya. Yara 'yan ƙasa da shekara 14 ba sa biya, haka wanda ya kama otal a cikin garin. Ranakun suna sauyawa kowace shekara, don haka ka duba shafin hukumar kafin ka tsayar da rana.

MATAKI NA 1: ZAƁI RANA

Talata, Laraba ko Alhamis. Kasuwar kifi ba ta ci Lahadi da Litinin, Asabar kuma gari ya cika. Mai son ya sami Juma'a ya bar Juma'a, don masallatan suna can ƙetare a Mestre da Marghera. A watanni, Afrilu da Mayu da ƙarshen Satumba zuwa Oktoba sun fi daɗi. Yuli da Agusta akwai zafi mai gumi, da sauro, da mutane kamar ƙasa.

MATAKI NA 2: ISO DA WURI, KUMA KA SAUKA A TASHAR DA TA DACE

Ka yi nufin ƙafarka ta taka garin kafin ƙarfe 8:30. Daga Padova kusan rabin awa ne a jirgin ƙasa. Kuskuren da sabon zuwa ya fi yi shi ne ya ga an rubuta Venezia Mestre ya yi wuf ya sauka. Mestre kan tudu take. Zauna abinka, jirgin zai bi wata doguwar gada ta kusan kilomita 4 a kan ruwa ya tsaya a Venezia Santa Lucia, nan ne ƙarshen layi. Wanda ya zo a bas ko daga filin jirgin sama na Marco Polo, a Piazzale Roma za a ajiye shi, sai ya haye gada ɗaya ya iso bakin tashar.

Kada ka ruga layin sayen tikitin jirgin ruwa, wanda suke kira vaporetto. A farashin 2025, tikiti ɗaya na minti 75 Yuro 9.50 ne, na awa 24 kuma Yuro 25. A tsarin nan sau ɗaya za ka hau, da yamma, don haka guda ɗaya ya isa. Idan akwai dattijo ko mai ciwon gwiwa a tafiyar, ko kuna son leƙa tsibirin Murano, to na yini ya fi, hawa uku kawai ya fanshe kuɗinsa.

MATAKI NA 3: KOYI KARANTA BANGO

Unguwa shida ce a garin: Cannaregio, Santa Croce, San Polo, Dorsoduro, San Marco da Castello. Babbar hanyar ruwa, Canal Grande, ta ratsa tsakiya a murɗe, tsawonta ya kusa kilomita 4, kuma gada huɗu kacal ke kanta. Wannan shi ne abin da za ka riƙe a kai: kullum ka san a wane gefenta kake.

Sunayen wurare an rubuta su da baƙi a kan farin fenti a jikin bango. Calle lungu ne, campo dandali, fondamenta hanyar da ta bi gefen ruwa, sotoportego kuma lungun da ya ratsa ta ƙarƙashin gida. In ka ga corte ko ramo, galibi ba ya ɓullewa. Lambar gida ba ta da amfani ga baƙo, don ba bisa titi ake ƙirga ta ba, bisa unguwa ne, sai ka ga gida mai lamba dubu biyar da wani abu. Da sunan dandali ko coci mafi kusa ake kwatance.

Sai alluna masu ruwan ɗorawa: Per Rialto, Per S. Marco, Alla Ferrovia, wato zuwa tashar jirgin ƙasa. Su ne hanyar ayari. Ni dai amfaninsu a wurina shi ne in na ɓata su dawo da ni. Da zarar ka kauce musu da lungu biyu sai ka ji shiru, kuma farashi ya sauka. Kada ɓata ya tayar maka da hankali, garin ana ratsa shi kaf a ƙafa cikin awa guda ko da ɗan wani abu.

Ladabin hanya: ka bi dama, ku jeru ɗaya bayan ɗaya a lungu mai matsi, kada ka tsaya cak a tsakiyar gada don hoto. In ka ji "permesso" ko "attenzione" a bayanka, ɗan dako ne da amalanke, matsa masa. Mazauna tsohon garin yanzu ba su kai 50,000 ba, kuma ta lungun nan suke zuwa aiki da asibiti.

MATAKI NA 4: SAFIYA A CANNAREGIO

Daga ƙofar tasha ka yi hagu. Titin farko, Lista di Spagna, cike yake da shagunan tsaraba. Wuce kawai, kada ka ciro ko sisi. Ka haye gadar Guglie, ka yi hagu a gefen ruwa, 'yan taku kaɗan za ka ga wata ƙaramar ƙofa a dama. Ita za ta kai ka tsohuwar unguwar Yahudawa, wadda aka killace a 1516, ana rufe ƙofofinta da dare har zuwa 1797. Ɗaga kai ka ga yadda benayen suka fi na sauran gari hawa, da yake fili ya ƙare musu sai suka riƙa ƙari ta sama. Gidajen burodin unguwar na ƙa'idar abincin Yahudawa ne, babu kitsen alade a ciki, wuri ne mai kyau na karya kumallo.

In a wani shagon kofi ka shiga, ka tsaya a kanta ka sha kamar yadda masu gari ke yi, zama a tebur kuɗinsa daban. Kafin ka ɗauki burodin safe ka tambaya, "C'è strutto?" Strutto kitsen alade ne, kuma ana sa shi a kayan fulawa fiye da yadda baƙo zai zata.

Ka fita ta gadar ƙarfe zuwa Fondamenta degli Ormesini, ka bi gefen ruwa a hankali. A wannan lokaci ne za ka ga garin yana aikinsa: jirgin kwasar shara da ƙugiyarsa, jirgin da ya ɗauko katan-katan na ruwa da kayan miya, wani lokaci har jirgin asibiti ya wuce da jiniya, wanki a shanye daga taga zuwa taga. In da sauran ƙarfi, ɗan ratse arewa zuwa Campo dei Mori. A jikin bangon akwai gumakan wasu fatake na dā masu manyan rawuna, na kan kwanar hancinsa ya taɓa karyewa aka maye shi da na ƙarfe, baƙi sun shafe shi har yana ƙyalli. Gidan mai zanen nan Tintoretto yana nan kusa.

MATAKI NA 5: ƘETARA ZUWA KASUWAR RIALTO

Wajen ƙarfe 10 ka gangaro Strada Nova ka nemi Campo Santa Sofia. A ƙarshensa, bakin ruwa, akwai kwale-kwalen ƙetare da ake kira traghetto, mutum biyu ke tuƙa shi. Yuro 2 ne ga baƙo, ka miƙa wa matuƙi a hannu lokacin shiga. Masu gari a tsaye suke ƙetarewa, kai zauna. Minti biyu ne, amma ka ɗanɗana gondola, dogon kwale-kwalen yawon da aka san garin da shi, ke nan da kuɗin kofi. In ka tarar ba sa aiki, domin iska ko ƙarancin fasinja kan sa su tashi, ci gaba da tafiya ka bi allon Per Rialto, minti goma ne ta gada.

A daidai bakin kasuwa za a sauke ka, wadda take ci a wurin tun 1097. Rumfar kifi tana ƙarƙashin wani gini mai ginshiƙai, a kan ginshiƙan an sassaƙa kifaye da kaguwa. A jikin bango akwai tsohon allon dutse da ya jera sunan kowane kifi da mafi ƙarancin tsawon da aka yarda a sayar da shi. Tsuntsayen teku suna tsaye a rufi suna jiran mai kifi ya juya baya, kuma ba sa jin kunyar fizge abinci daga hannun mutum.

Kada ka taɓa kayan lambu ko 'ya'yan itace da hannunka. Ka gaisa, "buongiorno", ka nuna, mai kaya ya zaɓar maka. Ba a tayi a nan. Ka sayi inabi ko abin da ke yayi don hanya. Daga tsakar rana sun fara kwashe kaya, shi ya sa na ce a yi sammako. Bayan kasuwar akwai lungun masu kayan yaji, Ruga dei Spezieri. Ita kuwa gadar Rialto, ta dutse da aka gama a 1591, hau ka leƙa ruwa ta gefe biyu ka sauko. Shagunan da ke kanta kuɗin hayar wurin za ka biya.

MATAKI NA 6: ABINCIN RANA DA SALLA

Abincin garin na tafi-da-gidanka shi ne cicchetti, 'yan ƙananan loma a kan yankan burodi, ana nuna su a gilashi ka zaɓa. Biyu nake ba baƙo shawara. Baccalà mantecato busasshen kifin Norway ɗin nan ne da muka sani a kasuwanninmu, an jiƙa an dafa an buga shi da mai har ya yi laushi, wani lokaci a ɗora shi a kan polenta, wato tuwon masara irin nasu. Sarde in saor kuma soyayyen kifi ne da albasa mai tsami da busasshen inabi. Sai dai ka sani, shagunan da ke sayar da su, bacari, asalinsu wuraren shan giya ne. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya nemi gidan burodi, ko masu fiza na yanka ya karɓi margherita, mai tumatir da cuku ba nama, ko shagunan kebab da ke Strada Nova, ya tambayi halaccin naman.

Kalmomin da za ka guda a takardar abinci, duk na alade ne: maiale, prosciutto, pancetta, guanciale, salame, speck, lardo. Abin da za ka faɗa: "senza maiale, senza alcol", wato ba alade, ba giya. Wasu miyar kifi da shinkafa ana zuba musu ruwan inabi mai sa maye, haka wani kayan zaƙin da ake kira tiramisu, tambaya ba laifi ba ce.

In gidan abinci na zama kake so, kauce wa wanda aka ajiye mutum a ƙofa yana kiranka, da wanda ya manna hotunan abinci da harsuna shida. Duba coperto, kuɗin zama ne a kan kowane mutum. Ka kula da kifin da aka rubuta wa "all'etto": farashin giram 100 ne, ba na faranti ba, ka sa a auna a faɗa maka jimla kafin a ɗora a wuta. Kuma kada ka zauna a matakalar gada ko ta coci ka buɗe ƙunshi, tara ake ci. Banɗaki kuwa, shiga na inda ka ci abinci kafin ka fita, na gari da aka rubuta wa WC Yuro 1.50 ne.

Salla tana son shiri tun daga masauki. Matafiyi yana da rangwamen da ya sani. Ga wanda zai yi ta a gari, lambun Savorgnan kusa da gadar Guglie da lambun Papadopoli kusa da Piazzale Roma suna da kusurwoyi marasa hayaniya. Ka yi alwala a inda ka ci abinci, ka tsane ruwan da ka zubar.

MATAKI NA 7: SAYE

Yanzu ka ga farashi a wurare da dama, idonka ya buɗe. Ƙananan shaguna da yawa suna rufewa daga wajen ƙarfe 1 zuwa 3, don haka saye ya kama daga 3. Lungunan San Polo tsakanin Rialto da San Tomà, da kewayen Campo San Barnaba, nan masu sana'ar hannu suka fi yawa. Alamar da ba ta cika yaudara ba ita ce ka ga teburin aiki a cikin shagon, da mai shi hannu duk fenti ko yana gaban wuta. Shagon da ya haɗa gilashi da jaka da riga da maɓallin firiji, dillali ne.

Kayan garin nan ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa. Bajamushen nan Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, da ya shiga kasuwar Kano a 1851 ya lissafa duwatsun ado na Benis da takarda mai tambarin wata uku cikin hajojin da ya gani. Takardar nan, wadda malamanmu suka rubuta Alƙur'ani da littattafai a kanta, a masana'antun yankin nan aka yi da yawa daga cikinta. Don haka in ka kai wa Hajiya sarƙar duwatsun gilashi, tsohon ciniki ka sabunta.

Gilashi. Tun 1291 aka mayar da maƙerar gilashi tsibirin Murano don tsoron gobara, kuma can ake yin na gaske har yau. Abin da ya cika tagogin shaguna kuwa, mai yawa daga waje aka shigo da shi. Ka nemi tambarin Vetro Artistico Murano a manne, yana ɗauke da lambar maƙerar da ta yi. Ba kowane mai sana'a na ƙwarai ne ke da tambarin ba, to sai ka koma ga ido: ɗauki kofi biyu iri ɗaya ka jera, na hannu ba sa zama daidai cif, launi yana cikin gilashin ba a kansa ba, kuma sau da yawa a gindi akwai ɗan tabon inda aka yanke shi daga sandar busa, ko sa hannun mai yi. Rubutun "Murano style" yana nufin ba na Murano ba ne. Ka tambaya kai tsaye, "È fatto a Murano?", ka ce a rubuta maka a rasit. In mai shago ya fara kame-kame, ka yi godiya ka fita. Duwatsun wuya da 'yan kunne da ƙananan kofuna sun fi sauƙin kuɗi da ɗauka. Ka sa a naɗe maka da kyau, kuma a jakar hannu za su hau jirgin sama. Masu tare ka a hanya da tayin jirgi kyauta zuwa masana'anta, kuɗin jirgin yana cikin farashin da za a matsa maka ka biya.

Takarda. Akwai masu rina takarda da hannu, ta fito da zane kamar gashin dawisu, a yi bangon littafin rubutu da ita. Ba nauyi, ba ta fashewa, tsarabar malami ko ɗalibi ke nan. Kowace ɗaya zanenta daban, in ka ga tari duk iri ɗaya sak, inji ne ya buga.

Fuskokin biki. Na gaske da takarda da manne ake yi a cikin mazubi. Juya cikinta: za ka ga saɓi-saɓin takarda, ba nauyi, tana ɗan lanƙwasuwa. Ta roba sumul take ciki da waje. Ba kowane gida ne zai so a rataye fuska a bango ba, ka san wanda za ka kai wa.

Furlane takalma ne na karan-miski masu taushi, a dā da tsohuwar tayar keke ake yi musu ƙasa. Mata suna son su, kuma sun dace da zaman gida da biki.

Leshin allura na tsibirin Burano, ɗan ƙarami ma makonni yake ci a hannun mai saƙa. In an ce maka ga babban mayafin tebur na hannu a Yuro 30, ka san amsar. Jakar fata kuwa ba sana'ar garin nan ba ce musamman, kuma Italiya tana cikin manyan masu sayen fatar da ake jemewa a Kano, ta yiwu abinka ne za a sayar maka da tsada. Waɗanda suka shimfiɗa jakunkuna masu sunan manyan kamfanoni a ƙasa, kada ka tsaya. A dokar Italiya mai sayen jabu ma ana cin sa tara.

Ciniki irin namu na "albarka" da "nawa ka saya" ba ya tafiya a shago. Amma in ka ɗauki abu uku ko huɗu, ka yi murmushi ka ce "un piccolo sconto?", wato a ɗan yi ragi, sau da yawa za a ɗan rage ko a ƙara maka wani abu. Kullum ka karɓi rasit, scontrino.

Haraji: wanda ba mazaunin Tarayyar Turai ba ne, in ya kashe sama da Yuro 70 a shago ɗaya a rana ɗaya, yana iya neman a maido masa da wani ɓangare na harajin kaya, wanda galibi kashi 22 cikin 100 ne. Ka nuna fasfo kafin a buga rasit, ka ce "tax free", a cika maka takarda. A filin jirgin da za ka bar Turai kwastan za su tabbatar, cikin wata uku, kuma kayan su kasance inda za ka iya nunawa. Ba kowane ƙaramin shago ke yi ba, kuma ɗan'uwa mai takardar zama a Italiya ba ya ciki.

MATAKI NA 8: DORSODURO, SANNAN SAN MARCO

Daga San Tomà ka gangara Campo Santa Margherita ka huta a benci, nan ɗaliban jami'a da yaran unguwa suke taruwa. Gaba kaɗan, kusa da San Barnaba, akwai jirgin da aka mayar shagon kayan miya, yana ɗaure a gindin wata gada mai sawun ƙafa na farin dutse a kanta, inda samarin unguwanni suke dambe a dā. Ka wuce San Trovaso ka leƙa wurin gyaran gondola daga wancan gefen ruwa, ka ɓulla Zattere, doguwar hanya mai faɗi da iska. Sha askirim a nan.

Sai ka haye gadar katako ta Accademia ka nufi San Marco, ka isa bayan ƙarfe 5, lokacin da ayarin yini ya fara janyewa. Zagaya dandalin, ka ga dawakan tagulla huɗu a saman ƙofar cocin San Marco, waɗanda asalinsu aka kwaso daga Kustantiniya, wato Istanbul ta yau, a 1204, na wajen kwafi ne. Ka jira cikar awa ka ga mutanen tagulla biyu suna dukan ƙararrawa a kan hasumiyar agogo. Kada ka ba tattabaru abinci, an hana tun 2008. Gidajen kofin dandalin, irin su Florian da aka buɗe a 1720, in makaɗa suna wasa akwai kuɗin kiɗa a kan na kofi, karanta kafin ka zauna. Mai son shiga cocin ko fadar sarakunan garin ya yanki tikiti tun a intanet, ya juya tsarin ya zo da rana, kafaɗa da gwiwa a rufe. Amma yinin hutu ba ya ɗaukar layi biyu, zaɓi ɗaya.

Gondola farashinta hukuma ta yanka: Yuro 90 na rabin awa da rana, 110 daga ƙarfe 7 na yamma, kuɗin jirgi ne gaba ɗaya, mutum biyar iyaka. Ku daidaita minti da hanya kafin ka sa ƙafa, kuma ka hau daga wani ƙaramin mashigi, ba bakin San Marco inda igiyar ruwa ke jijjiga mutum ba.

IN RUWA YA HAU

Daga Oktoba zuwa Janairu teku kan tumbatsa, suna ce masa acqua alta. Za ka ji jiniya tun kafin ya iso. San Marco ne mafi gangare, shi yake fara jiƙewa. Tun 2020 akwai shingen da ake ɗagawa a bakin teku, ya rage abin sosai, kuma ko ya hau awa biyu zuwa uku ne ya janye. Ana jera dogayen katakai a bi ta kai, kada ka tsaya hoto a kansu. Kada ka cire takalmi ka shiga, ruwan ba mai tsabta ba ne. Ka koma Cannaregio ko ka zauna shan shayi har ya sauka, ko ka sayi takalmin leda da ake ɗorawa a kan naka.

MATAKI NA 9: KOMAWA TA RUWA

Ka sayi tikiti a San Marco Vallaresso ko San Zaccaria, ka ɗora shi a kan ɗan injin da ke bakin tasha har ya yi ƙara kafin ka shiga. Tikitin da ba a taɓa ba daidai yake da babu in masu dubawa suka zo. Layi na 1 za ka hau, amma duba allon ya ce Ferrovia ko Piazzale Roma, ɗaya ɓangaren tsibirin Lido zai kai ka. Yana tsayawa kusan kowace tasha, ka ba shi minti 45. Layi na 2 ya fi sauri in lokaci ya ƙure.

Sauke jakar baya ka riƙe a hannu, ka kutsa kujerun waje na can baya in da wuri. Za ka wuce ta ƙarƙashin Accademia da Rialto, bayan kasuwa kuma ta hagu ka ga wani dogon gini mai bakuna, Fondaco dei Turchi, masaukin fataken Daular Usmaniyya tun 1621, yanzu gidan tarihi ne.

Kayan nauyi irin su taliya, kofi da man zaitun, sai yanzu za ka saya, a babban kantin da ke Piazzale Roma, da farashin da masu gari ke biya. Man zaitun a akwatin da za a auna zai tafi, ba jakar hannu ba. Tikitin jirgin ƙasa na takarda, in na regionale ne, wato jirgin garuruwan kusa, sai ka sa shi a injin bakin dandamali ya buga masa lokaci kafin ka hau. Takardar haraji kuma ka soke ta cikin fasfo tun yanzu, tare da rasit ɗinta.